Malam Haladu Ya Taka Ruwa

Wani mutum ne a Unguwar Tsamiya ana ce masa Malam Haladu Mai Turare. Teburinsa na nan a bakin masallaci, kwalabe a jere, ga auduga, ga ɗan madubin da yake duba gemunsa in babu ciniki. Turarensa ba laifi, bakinsa ne matsalar. In ka ce ka yi mafarki, shi ya riga ka yin sa tun shekaranjiya. In ka ce kakanka ya je Makka a ƙasa, nasa kakan ya je ya dawo ko takalmi bai sa ba. Mutanen unguwa sun saba. In ya fara sai kowa ya ce “Ikon Allah” a hankali, ya ci gaba da abin da yake yi.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Haladu a rai, na'ibancin masallaci. Tsohon na'ibi ƙarfi ya ƙare, 'ya'yansa sun zo sun ɗauke shi zuwa birni, Liman Zubairu kuma ya ce zai duba ya naɗa wani. Tun ranar Haladu ya rasa sukuni. Ya je kasuwa ya sayo rawani fari ƙal, ya ɓoye a ƙarƙashin katifa. In matarsa Ladidi ta shiga madafi sai ya ciro ya naɗa, ya tsaya gaban madubi yana gyaran murya irin ta masu jan salla. Sai dai akwai cikas, wato karatu. Haladu in ya taso daga Nasi ya kai Alam Tara Kaifa, to mota ta iso tasha. Shi kuwa Malam Sallau mai hatsi, wanda ake ganin za a ba, ya sauke tun yana saurayi, kuma mutum ne da ba ka jin bakinsa sai in sallama ka yi masa. Haladu ya auna ya ga karatu ba zai fisshe shi ba, dole a nemo wata hanya.

Hanyar ta zo da kanta a cikin farar bas.

Akwai wani wasan kwaikwayo da ake nunawa a talabijin duk Lahadi bayan la'asar, sunansa Gulbin Tsakiya. Duk unguwar ba wanda ba ya kallo, har waɗanda suke cewa ba sa kallo. To masu shirya shi ne suka tsaya sayen turare. Daraktan, wani siririn saurayi mai hular hana-salla, ya ƙura wa gemun Haladu ido.

“Baba, za ka iya fitowa a fim?”

“Ni? Ai an sha nemana, ni ne nake ƙi.”

“Gemun nan muke so.”

“Shi ma an sha nemansa.”

“Tafiya za ka yi a kan ruwa.”

Haladu ya ji abin har cikin ɓargonsa. Tafiya a kan ruwa! Wane ne zai ga mutum yana taka ruwa a talabijin sannan ya tsaya tambayarsa izu nawa ya haddace? Bai tambayi labarin wasan ba, bai tambayi a matsayin wa zai fito ba. Ya rufe tebur, ya ruga gida ya cusa rawaninsa a leda, ya faɗa bas.

Suka yi tafiya mai nisa, har wani tafki a bayan wani ƙauye, ruwansa kore shar, kainuwa ta rufe shi. A nan Haladu ya ga asirin. Benci-benci ne aka jera a cikin ruwan, an ɗaure su da duwatsu don kada su taso, ruwa ya ɗan sha kansu kaɗan. In kana gaɓa ba abin da za ka gani. Aka ba shi farar riga, ya naɗa rawaninsa, aka tara ƙauyawa a bakin tafki.

Darakta ya ce, “Ka tafi a hankali, hannu a sama, ido a sama. Kada ka kalli ƙasa ko kaɗan. In ka kai tsakiya ka juyo ka kalli kyamara ka tuntsire da dariya.”

“Dariya kuma?”

“E, irin ta wanda ya gama da mutane.”

“Wannan ai ba sai an koya mini ba.”

Ya hau. Ya taka, ya taka, ƙauyawa na kabbara kamar yadda aka ce su yi. Ya kai tsakiya, ya juyo ya yi dariyar har da ƙari. Ya ci gaba, ido a sama. Sai ya ɗaga ƙafa ya sauke ta a inda babu benci.

Abin da ya biyo baya mu ajiye shi tukuna. Ya isa a ce da aka fito da shi, darakta na ta tafi yana cewa madalla.

“Madalla da me?” in ji Haladu, yana tofar da kainuwa. “Wane ɗan banza ne ya zare benci?”

“Kada ka damu, Baba. In mun koma duk yankawa za mu yi.”

“Ka rantse?”

“Wallahi sai mun yanke. Ai aikinmu ke nan.”

Hankalin Haladu ya kwanta. Bai tsaya tambayar me za a yanke, me za a bari ba. Ya shanya rawaninsa a kan wata ƙaya har ya bushe, aka dawo da shi gida da yamma.

Ladidi ta karɓi ledar, ta shinshina. “Malam, warin kwaɗi kake yi.”

“Sabon turare ne, daga Sudan.”

“To kada ka saro da yawa.”

Washegari kafin azahar labari ya gama unguwa, kuma daga baki ɗaya ya fito. Wai 'yan fim sun zo da dabarunsu, Haladu ya ce su ajiye. Wai ya yi bisimilla kawai ya sa ƙafa, ruwa ya daskare masa kamar daɓe. Wai kifaye suka taso suka jeru suna kallonsa. Darakta kuwa, wai kyamara ya yar ya durƙusa yana kuka, sai da Haladu ya dafa kansa ya ce ya yi haƙuri.

A majalisar bakin masallaci Haladu ya sake kwararo shi bayan la'asar. Akwai Barau mai goro, tsoho mai son a yi masa bayani dalla-dalla. Akwai Mamuda kafinta, mutumin da ko kujerar tsakar gida ya buga sai ya rubuta sunansa a gindinta da jan fenti. Malam Sallau na gefe yana jan carbi.

Barau ya ce, “To amma ai 'yan fim har tashi sama suke sa mutum.”

“Nasu a kwamfuta ake yi. Nawa ku duba da kyau, za ku ga ruwan yana motsi a ƙarƙashin ƙafata.”

Mamuda ya ce, “Ni ma kwanaki wasu baƙi sun zo sun kwashe mini benci, suka ce kada in yi musu fenti, wai...”

Haladu ya yi maza ya tare shi. “Haba Mamuda! Ana maganar manyan al'amura kana maganar katako?”

Mamuda ya ba da haƙuri.

Ana cikin haka Liman Zubairu ya fito daga masallaci yana dogara sanda. Tsoho ne marar hayaniya, kuma tunda ake da shi ba a taɓa gane lokacin da yake wasa da lokacin da yake da gaske ba. Aka matsa masa ya zauna.

“Haladu, na ji an ce ka taka ruwa.”

“Wallahi, Allah gafarta Malam, mu'ujiza ce ƙiri-ƙiri.”

Liman ya ajiye sandarsa a hankali. “Me ka ce?”

“Mu'ujiza.”

“Yaushe aka fara yi maka wahayi?”

“Wahayi kuma?”

“Mu'ujiza ta annabawa ce, kuma an rufe annabci. In kana da wata magana ka faɗa mana yanzu, tun jama'a ba su taru ba.”

Haladu ya zabura har hularsa ta karkace. “A'uzu billahi! A'a! Ba ita nake nufi ba. Ƙanwarta nake nufi.”

“Karama?”

“Ita! Ita ce a bakina, ta suɓuce.”

“To,” in ji Liman. “Ita karama Allah ke ba bawansa na gari, ba tare da ya shirya mata ba. Ba a koyonta, ba a sa mata rana. Shi kuwa sihiri koyonsa ake yi, da kayan aiki, da shiri, da taimakon shaiɗanu, kuma mai shi talla yake yi don a ji tsoronsa. Mai karama kunyarta yake ji, ɓoyewa yake yi.”

“Ai ni ma ɓoyewa nake yi. Ku kaɗai na faɗa wa.”

A lokacin ya riga ya faɗa wa 'yan kasuwa, da 'yan tasha, da wani makaho da ya tsaya tambayar hanya.

“Da wane kayan aiki ka taka ruwan?” in ji Liman.

“Ko tsinke.”

“Ba ka jiƙe ba?”

“Ko bakin wandona, Allah gafarta Malam. Da ƙura ma na fito.”

Liman ya jinjina kai. “Yaushe za a nuna?”

“Lahadi mai zuwa.”

“To za mu gani. In haka abin yake, na'ibanci ya yi maka kaɗan, ni ma bayanka zan koma. In ba haka ba, Sallau ne zai riƙa jan mu in ba na nan.”

Haladu ya tafi gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Rabin maganar na farko kawai ya ji.

Kwanakin nan Haladu ya sha daɗin duniya. Mata suka fara aiko da ruwa a kwano ya yi tofi. Turarensa ya ƙare ƙaf, har kwalbar da ta shekara ba a taya ba. Tafiyarsa ta canza, ya koma taku ɗai-ɗai, ido a sama, har sai da ya yi karo da akuyar maƙwabta. Ladidi ce kawai ba ta canza ba. Ranar da aka yi ruwan sama, kududdufi ya kwanta a ƙofar gida, ta leƙo ta gan shi ya tattare riga yana bin jikin bango.

“Malam, ga shi nan a gabanka, ka taka mana mu gani.”

“Ba a wasa da ita, Ladidi.”

“Au, haka ne.”

Ranar Lahadi Haladu ya ce ba za a yi kallon nan a ɓoye ba. Ya aro babbar talabijin daga wurin Talle mai gidan kallon ƙwallo, da janareto, aka kafa a ƙofar gidansa. Aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Ladidi ta dama zoɓo a babbar roba, mata suka cika zaure suna leƙe. Shi kuwa gogan ya fito da rawanin nan a kansa, karo na farko a gaban 'yan unguwa, ya zaunar da Liman a sahun gaba, ya zauna a damansa, daidai inda na'ibi ke zama. Malam Sallau ya raɓe a can baya kusa da takalma.

Janareto ya ɗauka, tatatata. Aka fara.

Aka nuno wani ƙauye, mutane na gudu zuwa bakin tafki. Wani ɗan wasa ya ce wa abokinsa, “Wani baƙo ya sauka a garinmu, ya ce shi waliyyi ne, yau zai taka ruwa.”

“Ni ke nan,” in ji Haladu, ko da wani bai gane ba.

Sai ga shi. Farar riga, farin rawani, gemu na kaɗawa. Ya sa ƙafa a kan ruwa, ruwa ya riƙe shi. Ya taka, ya sake takawa. Wallahi abin ya yi kyau, ba a ganin komai sai kainuwa tana darewa. Wuri ya ɗauki kabbara. Wata tsohuwa a zaure ta rangaɗa guɗa. Barau ya saki goronsa ya faɗi a ƙasa, har Malam Sallau sai da ya ce Masha Allah. Haladu ya ji hawaye sun zo masa, don a wannan lokacin shi kansa ya manta da maganar benci.

Da ya ga ya kusa tsakiyar tafki sai wani abu ya ɗan sosa masa rai. Ya ce, “To alhamdu lillahi, an gani. Talle, kashe inji, mai na ƙonewa.”

“Bari a ƙarasa,” in ji Liman, bai ko juyo ba.

A talabijin Haladu ya juyo ya kalli jama'a. Aka matso da fuskarsa har ta cika allon. Sai kiɗa ya canza, aka sa wata tsawa, idanunsa suka koma jajawur kamar garwashi, ya tuntsire da dariya: “Hahahaha!” Wata jaririya a zaure ta callara kuka.

Barau ya ce, “Malam, me ya sami idonka?”

“Haske ne. In ya yi yawa haka yake yi.”

Sai ga wani dattijo a cikin wasan ya ratso taro, da allo a hannunsa. Ya ɗaga murya ya ce, “Jama'a, kada a ruɗe ku! Wannan ba waliyyi ba ne, boka ne ya ari rigar malamai. Na sa an zare ɗaya daga cikin abin da yake takawa. Ku zuba ido.”

Aka zuba ido, a cikin talabijin da wajenta. Gumi ya karyo wa Haladu daga ƙarƙashin rawani. Ya ce a ransa, yanzu za a yanke. Yaron nan ya rantse. Yanzu za a yanke.

Ƙafa ta ɗaga. Aka rage gudun hoton, ƙafar na saukowa sannu a hankali, ido na sama, hannu na sama.

Tsulum!

Aka maimaita daga gefe. Tsulum! Aka sake maimaitawa daga baya, har da ƙarin kiɗa.

Kan Haladu ya ɓullo, kainuwa a kan gemu, yana dukan ruwa faca-faca. Muryarsa ta fito tar, ba a taɓa ta ba:

“Wayyo Allah! Kada ya kama ni! Kada ne! Wayyo Ladidi! Ladidi!”

Daga cikin zaure aka ji murya a natse ta ce, “Na'am, Malam.”

A allon an nuno kadan da ya kama shi. Rawaninsa ne ya warware ya naɗe masa ƙafa. Wani daga bayan kyamara yana cewa, “Baba, miƙe tsaye, ruwan iya gwiwa ne!” Haladu bai miƙe ba. Ya rarumo bencin da ke kusa ya rungume, igiyar dutsen ta tsinke, bencin ya taso ya kife, gindinsa a sama. Kyamara ta matsa. Ga jan fenti, manyan baƙaƙe, kowa ya karanta: MAMUDA KAFINTA, BAKIN KASUWA.

Mamuda ya yi tsalle ya miƙe har ya ture zoɓon wani. “Aikina ne! Wallahi aikina ne! Jama'a ku duba, ƙaton mutum ya taka shi, ya kwana a ruwa, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba! Ni ne a talabijin!”

Abin da ya fi ciwo shi ne ba wanda ya yi dariya da farko. Sai Haladu ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

“Amma ya rantse mini zai yanke!”

Talle mai gidan kallo ya ce, “Ai ya yanke, Malam. Ba ka ga ba a nuna inda aka jawo ka ba?”

A nan ne wuri ya fashe. Maza na dukan tabarma, mata a zaure na riƙe ciki, tsohuwar da ta yi guɗa tana cewa a dawo mata da guɗarta. Wata ta aiko a karɓo mata kwanon tofinta, ta ce ko ba ruwan a ba ta kwanon. Mutum biyu suka tare Mamuda da cinikin benci tun bai zauna ba. Haladu ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ya san ko wannan ba za ta yi masa ba. Ya sa hannu ya fara warware rawanin a hankali, yana naɗe shi a kan gwiwa, wani busasshen ganyen kainuwa ya faɗo daga ciki.

Liman Zubairu ya dubi rana, ya jawo sandarsa ya miƙe. Fuskarsa yadda take kullum.

“Sallau.”

“Na'am, Allah gafarta Malam.”

“Je ka yi alwala. Gwiwata na damuna, kai za ka ja mu magariba.”

Sallau ya ce to, ya nemi takalminsa ya tafi. Haladu ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Barau mai goro ya tsince goronsa ya hure ƙasa. Shi dai har yanzu akwai abin da bai zauna masa ba. Ya ce, “Allah gafarta Malam, ni kaina ya ɗaure. Ka ce mu'ujiza ta annabawa ce.”

“Haka ne.”

“Karama ta waliyyai.”

“Haka ne.”

“Sihiri na bokaye. To shi wannan na Haladu, a wanne za mu sa shi?”

Haladu ya ɗago kai a hankali. Na'ibanci ya tafi, karama ta tafi, amma in aka ce sihiri ne, ai ko ba komai mutum ya tsira da ɗan kwarjini, yara sa riƙa kauce masa a hanya. Ya ƙura wa bakin Liman ido.

Liman ya zura ƙafa a takalmi, ya gyara mayafinsa.

“Ko sihiri bai kai ba,” in ji shi. “Aikin kafinta ne.”